Ƙurar Hunturu da Gansakukar Teku: Tarihin Binciken Wata Ƙwayar Halitta



Gabatarwa

Sa'ad da aka sanar cewa laccar yau a kan gansakukar teku za ta kasance, na tabbata akwai waɗanda suka ce a ransu, ina ruwan biri da gada? Ba su kuwa yi laifi ba. Mutumin Ikara ko Makarfi ko Kudan, in ya tashi neman bakin teku, sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 700 kafin ya ga ruwan gishiri. Gansakukar da ya sani ita ce ta kududdufi da bakin rijiya da gindin randa, wadda amfaninta a wurinsa bai wuce ta sa mutum ya zame ya faɗi ba.

To, amma akwai baƙon da ke zuwa mana kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa Maris, ba ya sallama, ba ya kuma neman masauki. Yana sauka a kan raken fadamun Makarfi, da tumatirin Ikara, da lambunan Hunkuyi, yana shiga ɗaki ya kwanta a kan kwanukan jere. Wannan baƙo shi ne hazon hunturu. Abin da nake so in nuna a yau shi ne, a cikin wannan ƙura akwai ɓaraguzan ɓawon wata irin gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya tak, kuma tarihin yadda masana suka san wannan halitta, daga shekarar 1703 zuwa zamaninmu, tarihi ne da ya ratsa ta kan ƙasarmu, ko da yake galibi wasu ne suka rubuta shi.

Halittar da muke magana a kanta

Masana suna kiran wannan gansakuka dayatom. Tana rayuwa a teku, da tafki, da kogi, har da ƙasa mai danshi. Jikinta duka ƙwaya ɗaya ce, kuma yawancinsu ba su kai kaurin gashin kai ba, saboda haka ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma. Kamar sauran tsirrai, da hasken rana take haɗa abincinta: tana ɗaukar iskar kabon da ruwa, ta mayar da su sukari da mai, ta saki iskar oksijin wadda muke shaƙa. Launinta bai cika zama kore shar ba, ya fi kama da ruwan zuma.

Abin da ya bambanta ta da sauran gansakuka shi ne gidanta. Kowace ƙwaya tana zaune cikin ɓawo na silika, watau sinadarin da ke cikin yashi, wanda da shi ake yin gilashi. Ɓawon kashi biyu ne, ɗaya ya ɗan ɗara ɗaya, babban ya rufe ƙaramin kamar batta da murfinta. Waɗansu zagayayyu ne kamar faifai, waɗansu dogaye kamar kwalekwale, kuma jikin ɓawon cike yake da ƙananan huji a jere, kowane iri da nasa zane. Ire-iren da aka riga aka ba suna sun haura 10,000. In ƙwayar ta mutu naman jikinta yakan ruɓe, amma ɓawon yakan nutse ƙasan ruwa ya daɗe dubban shekaru. Idan irin wannan ɓawo ya taru ya yi kauri, sai ya zama wata farar ƙasa mara nauyi mai kama da alli. Ku riƙe wannan batu, domin za mu komo kansa.

Masu madubi na farko

A shekarar 1665 wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya duba yankin ɓawon itace a madubinsa, ya ga 'yan ɗakuna a jere, daga nan ne sunan ƙwayar halitta ya samo asali a harsunan Turai. A 1674 kuma wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antoni van Leeuwenhoek, ya ɗebo ruwan wani tafki ya duba da madubin da ya goge da hannunsa, ya ga koren zare da ƙananan halittu suna kai da kawowa. Ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan labarin abin da ya gani. A 1703 mujallar wannan ƙungiya ta buga wasiƙar wani mutumin karkara da bai sa sunansa ba, tare da zanen waɗansu 'yan akwatuna masu kusurwa huɗu da ya gani manne da saiwar ciyawar ruwa. Masana sun yarda cewa wannan shi ne zanen dayatom na farko da aka sani. Ashe ke nan wanda ya buɗe wannan fage mutumin ƙauye ne, ba shi da kujerar jami'a.

Bayan haka aka shiga muhawara mai tsawo: shin waɗannan halittu dabbobi ne ko tsirrai? Dalilin ruɗanin shi ne waɗansu daga cikinsu suna tafiya a hankali a kan abin da suka manne. Babban malamin wannan fage a wancan zamani shi ne Christian Gottfried Ehrenberg na Balin, wanda ya rayu daga 1795 zuwa 1876. Yana saurayi ya yi shekara biyar, daga 1820 zuwa 1825, yana yawon bincike a Masar da Sudan da gaɓar Bahar Maliya. A babban littafinsa na 1838 ya nace cewa waɗannan halittu cikakkun dabbobi ne, har ya ce ɗigogin da yake gani a cikinsu tumbi ne da sauran kayan ciki. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Friedrich Kützing, wanda ya fara da aikin haɗa magunguna kafin ya zama malamin makaranta a garin Nordhausen. Shi ne ya gano a 1834 cewa ɓawon na silika ne, kuma a littafinsa na 1844 ya sa su cikin jerin gansakuka. Ra'ayin malamin makarantar ne ya yi rinjaye a kan na shaihin malamin babban birni. Amma fa Ehrenberg bai tashi a tutar babu ba, domin shi ne ya nuna, tun daga 1836, cewa farar ƙasar nan mara nauyi da ake haƙowa a wurare dabam-dabam tarin ɓawon waɗannan halittu ce.

Wannan farar ƙasa ba ta daɗe ba ta shiga kasuwa. A 1867 Alfred Nobel na ƙasar Suwidin ya sami lasisin nakiyar dainamait, wadda ya haɗa ta hanyar jiƙa wannan ƙasa da wani ruwa mai saurin fashewa, domin hujojin ɓawon suna tsotse shi ya zama ana iya ɗauka ba haɗari mai yawa. Masu ƙera madubi kuma suka riƙa gwada ingancin gilashinsu da ɓawon dayatom: madubin da ya iya nuna jerin hujojin, shi ne nagari.

Ƙurar da ta sauka a kan jirgin ruwa

A nan ne labarin ya fara karkatowa wajenmu. A watan Janairu na 1832 jirgin ruwan Ingila mai suna Beagle ya iso tsibiran Kef Bade, yamma da gaɓar Senegal. A cikinsa akwai wani saurayi mai nazarin halittu, Charles Darwin. Ya lura sararin sama ya yi dishi-dishi, kuma wata ƙura mai laushi tana sauka a kan jirgin. Ya tara kaɗan ya adana. Daga baya ya haɗa da wadda waɗansu matuƙan jirage suka tara a tsakiyar tekun Atlantika, aka aika wa Ehrenberg. Ehrenberg ya duba, ya ƙidaya siffofin halittu iri 67 a cikin 'yan ƙunshin ƙurar, kuma abin mamaki, kusan dukkan na ruwan da ya gani ba na teku ba ne, na ruwan daɗi ne, watau tafki da kogi.

Ta yaya halittar tafki ta kai tsakiyar teku? Ehrenberg ya karkata ga cewa daga Amurka ta Kudu iska ta kwaso su, saboda ya ga iri biyu da a can kaɗai ya san su. Darwin kuwa, a takardar da ya buga a 1846, ya kafa hujja da abu biyu: ɓangaren da iska take fitowa duk lokacin da ƙurar ta sauka, da kuma watannin da take sauka, waɗanda su ne watannin iskar hunturu a Afirka ta Yamma. Ya ce daga Afirka take. Shi ne ya yi daidai, amma ba shi da hanyar sanin ainihin wurin. A lokacin nan Turawa ba su san cikin Sahara ba, sai a 1823 ne su Denham da Clapperton suka ga tafkin Cadi. Fataken Kano da Barno da ke bin hanyar Bilma sun fi su sanin inda iskar take fitowa, sai dai ba wanda ya tambaye su, su kuma ba su da madubi.

Fiye da shekara ɗari bayan haka, jirgin binciken Suwidin mai suna Albatross, wanda ya yi tafiyarsa a 1947 da 1948, ya haƙo laka daga ƙasan Atlantika. Da masani R. W. Kolbe ya duba lakar, sai ya sake tarar da ɓawon dayatom na ruwan daɗi jibge, nesa ƙwarai da kowace gaɓa. Tambayar Darwin ta sake tasowa.

Shiga cikin ƙwayar

Kafin mu bi sawun ƙurar zuwa mafarinta, bari mu ga abin da aka gano game da ita kanta ƙwayar a tsawon wannan lokaci.

Matsala ta farko ita ce haihuwa. Halitta mai ƙwaya ɗaya tana yaɗuwa ne ta hanyar rabuwa biyu. To, wadda ke cikin battar gilashi fa, wanda ba ya miƙewa? A 1869 masana biyu, John Macdonald da Ernst Pfitzer, kowa a nasa wuri, suka ba da amsa. In ƙwayar ta rabu, ɗiya ɗaya ta gaji murfi, ɗaya ta gaji gindi, kuma kowace sai ta mayar da abin da ta gada murfi, ta ƙera sabon gindi a cikinsa. Wadda ta gaji murfi tana nan daidai da uwar, wadda ta gaji gindi kuwa ta ragu kaɗan. Haka za a yi ta yi, zuriya tana ƙanƙancewa, kamar gonar gado da ake ta rabawa. In ƙanƙancewar ta kai wajen sulusin girman asali, sai ƙwayoyin su yar da ɓawo, biyu su haɗu kamar namiji da mace, a sami sabuwar ƙwaya da za ta kumbura ta koma cikakken girma, sa'an nan ta yi sabon gida.

A 1896 Robert Lauterborn, a Heidelberg ta Jamus, ya zana yadda cibiyar ƙwayar take rabuwa, mataki-mataki, yana kallon rayayyun dayatom da madubi na hasken fitila. Zanensa ya yi daidai ƙwarai, har masu madubin lantarki na bayan shekara saba'in da tamanin suka gaskata yawancinsa. A 1905 kuma wani Barashe da ya daɗe yana nazarin dayatom, Konstantin Mereschkowsky, ya kawo ra'ayin da aka yi wa dariya a lokacin: wai 'yan buhunan launi da ke kama hasken rana a cikin ƙwayar tsiro, asalinsu waɗansu halittu ne masu zaman kansu da suka shiga cikin wata ƙwaya suka zauna. Sai a 1967 Lynn Margulis ta Amurka ta farfaɗo da wannan ra'ayi, kuma bincike ya tabbatar da shi. Game da dayatom ma abin ya fi haka: buhun launinta asalinsa wata jar gansakuka ce sukutum da kakanninta suka haɗiye, shi ya sa yake naɗe cikin fata huɗu.

Tambaya mafi wuya ita ce yadda ƙwaya take ƙera gilashi. Mu 'yan Adam sai mun narka yashi da wuta mai zafin fiye da digiri 1,000. Ita kuwa tana yi a cikin ruwan sanyi. A shekarun 1950 Joyce Lewin ta nuna da gwaji cewa ƙwayar tana zuƙar narkakkiyar silika daga ruwa, kuma in babu silika ba ta iya rabuwa. A 1964, da taimakon madubin lantarki, wanda aka ƙirƙiro a Jamus a 1931, Drum da Pankratz suka ga wata 'yar jaka a cikin ƙwayar, a cikinta ne ake zuba sabon ɓawo kamar yadda magini yake zuba laka a ma'aunin bulo, in ya kammala a turo shi waje. A 1999 Nils Kröger da abokan aikinsa a Jami'ar Regensburg suka ware sinadaran furotin da ke wannan aiki, suka zuba su cikin narkakkiyar silika a kwalbar gwaji, nan take ta dunƙule.

Daga ƙarshe aka kai ga karanta kundin gadon halittar. A 2004 wata ƙungiyar masana ƙarƙashin Virginia Armbrust ta buga cikakken kundin wata dayatom ta teku, Thalassiosira pseudonana, mai ɗauke da umarni fiye da 11,000. A ciki aka tarar da abin da ba a zata ba: tana da tsarin sarrafa sinadarin yuriya irin wanda hantar dabbobi take da shi. A 2008 aka karanta na wata kuma, Phaeodactylum tricornutum, aka ga ɗaruruwan umarnin da ta aro daga ƙwayoyin bakteriya. Da Ehrenberg yana raye da ya ɗan yi murmushi. Ba dabba ba ce kamar yadda ya ce, amma ita ma ba 'yar dangin dawa da gero ba ce, reshenta dabam ne a cikin halittu.

Ma'aunin teku

Me ya sa ƙasashe suke kashe dukiya a kan abin da ido ba ya gani? Amsar tana wajen masu auna teku. A 1887 Victor Hensen na Jami'ar Kiel ya ƙirƙiro sunan filankiton ga dukkan ƙananan halittun da igiyar ruwa take kwasa, kuma a 1889 ya fita Atlantika da taru mai ƙananan ido domin ya ƙidaya su, saboda ya fahimci su ne ciyawar da kifi yake kiwo a kai. A 1952 Einar Steemann Nielsen na Danmak ya fito da hanyar auna yawan abincin da suke haɗawa a yini. Da taurarin ɗan Adam suka zo, aka haɗa lissafin duniya baki ɗaya, sai wani bincike na 1998 ya nuna cewa wajen rabin dukkan abincin da ake haɗawa da hasken rana a doron duniya, a teku ake haɗa shi. Rabon dayatom kaɗai ya kai kimanin kashi ɗaya cikin biyar na jimlar duniya. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne: wanda ya ɗauka dazuzzuka kaɗai ke sabunta iskar duniya, ya manta da rabin lissafi.

Mafarin hunturu

Yanzu mu koma ga tambayar Darwin. Masu duban yanayi a Nijeriya sun daɗe da lura cewa in ƙura ta tashi a wajen Faya-Largeau, a arewacin Cadi, bayan kwana ɗaya ko biyu hazo zai rufe filin jirgin saman Kano. A 1979 wani masanin yanayi ɗan Nijeriya, A. E. Kalu, ya buga bayanin hanyar da ƙurar take bi daga can zuwa Afirka ta Yamma. A 1980 Grant McTainsh ya buga sakamakon awon ƙurar da ke sauka a ƙasar Kano. A 2002 kuma hotunan taurarin ɗan Adam suka tabbatar cewa babu wuri a duniya da ya kai wani kwari mai suna Bodele tayar da ƙura. Kwarin yana arewa maso gabas da tafkin Cadi, fiye da kilomita 1,000 daga Zariya. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta afka masa, har ƙura takan tashi a can wajen kwana 100 a shekara.

A watannin Fabrairu da Maris na 2005 wata tawagar masana daga jami'o'in Ingila, cikinsu da Richard Washington na Oxford, ta je ta kafa sansani a bakin kwarin. Abin da suka taka farar ƙasa ce mara nauyi, tarin ɓawon dayatom, galibi irin da ake kira Aulacoseira, wadda ke rayuwa a ruwan daɗi. Har tuddan rairayin wurin waɗansu na dunƙulen wannan ƙasa ne, in iska ta gara su sai su niƙe su zama gari.

Bayanin kuwa shi ne, wajen shekara 7,000 da suka wuce, wannan kwari shi ne wuri mafi zurfi na wani makeken tafki da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000. Domin a kwatanta, tafkin Cadi a 1963, kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya janye shi, murabba'in kilomita 25,000 ne. Gaɓar wancan tsohon tafki tana nan a ƙasarmu, ita ce doguwar jigawar da ta ratsa Bama da Maiduguri. Mutane sun zauna a yankinsa: a 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale, wanda masanan Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono a 1994, aka auna shekarunsa wajen 8,000. Binciken da aka buga a 2015 ya nuna cewa ruwan kwarin Bodele bai ƙafe ƙarƙaf ba sai kimanin shekara 1,000 da suka wuce, watau zamanin da daular Kanem take tasowa.

Wajibi ne in yi gyara a nan, kada a fita da kuskure. Ba dukkan ƙurar da ke sauka mana ce ɓawon dayatom ba. Mafi yawanta garin yashi ne da yumɓu, wani daga Sahara, wani daga gonakinmu da hanyoyinmu, ɓaraguzan ɓawon wani kashi ne a ciki. Amma su ne shaidar da ke faɗin inda baƙon ya fito. Masana ƙasa kuma sun nuna cewa lallausar ƙasar saman filayen Zariya da Funtuwa da Kano, wadda ake noma dawa da masara da auduga a kanta, wani sashenta ƙura ce da iska ta jibge a tsawon dubban shekaru, kuma ƙurar kowace shekara tana ƙara wa gona ɗan sinadarin abincin shuka.

Matacciya tana ciyar da rayayyiya

Ƙurar da ba ta sauka a kanmu ba takan wuce teku. A ƙarshen shekarun 1980 John Martin, na tashar binciken teku ta Moss Landing a Kalifoniya, ya ce dalilin da ya sa waɗansu manyan sassan teku suke da taki amma ba su da gansakuka shi ne rashin sinadarin ƙarfe, wanda ƙwayar take bukata domin kama hasken rana. Ya rasu a 1993, watanni kaɗan kafin abokan aikinsa su gwada maganarsa kusa da tsibiran Galapagos. A gwaji na biyu, a 1995, da aka zuba narkakken ƙarfe a teku, cikin 'yan kwanaki ruwan ya sauya launi, kuma dayatom ne suka fi yawa a ciki. To, tsakiyar teku ba ta da inda za ta sami ƙarfe da ya wuce ƙurar da iska take kawowa, kuma babu teku da ke samun ƙura kamar Atlantika. Wani lissafi na 2015, daga awon tauraron ɗan Adam, ya nuna tan miliyan 182 na ƙura suna barin gaɓar Afirka ta Yamma kowace shekara, wajen tan miliyan 28 suna sauka a dajin Amazon, ɗauke da kimanin tan 22,000 na fosfaras, sinadarin da manomanmu suka sani a takin supa. Masana sun saɓa a kan ko nawa ne rabon Bodele a cikin wadda take kaiwa Amazon, domin binciken baya-bayan nan ya nuna yawancin tata tana faɗawa a hanya. Hanyar kuwa ita ce mu, da kuma teku. Ke nan gansakukar tafkin da ya mutu tana cikin abin da ke ciyar da gansakukar tekun da ke raye, bayan ta biya ta Makarfi.

Kammalawa

Jama'a, in kun lura da sunayen da na ambata, za ku ga na Jamus da Ingila da Amurka sun cika jerin, na gida kuwa 'yan kaɗan ne. Wannan shi ne abin da ya kamata ya dame mu. Samaru ta fara aikin binciken noma tun 1922, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, kuma malamanta sun yi nazarin gansakukar tafkuna da rafukan Zariya. Tushe yana nan, ginin ne bai yi tsawo ba.

Ga aiki uku da ba su fi ƙarfinmu ba. Na farko, awon ƙura. Faranti da ma'auni da madubi sun isa makarantar sakandare a Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi ta riƙa rubuta yawan ƙurar da ke sauka kowane hunturu da abin da ke cikinta, kuma irin wannan rajista, in ta yi shekara ashirin, dukiya ce da ba a saye da kuɗi. Na biyu, awon ruwa. A ƙasashen Turai ana duba ire-iren dayatom da ke cikin kogi domin a san ko ruwan ya gurɓace, saboda kowane iri da ruwan da yake jurewa. Fadamun da ake noman rake da tumatir, inda taki da maganin feshi suke gangarawa, suna bukatar irin wannan ido. Na uku, ajiyar hatsi. Muna da tamu farar ƙasar a Bularaba da Abakire cikin Jihar Yobe. Garinta yana kashe ƙwarin hatsi ta hanyar tsotse maiƙon jikinsu har su bushe, kuma an gwada shi a rumbunan manoma a Zimbabuwe da Tanzaniya an ga amfaninsa. Iyayenmu da suke cuɗa wake da toka ko rairayi kafin su zuba a rumbu, a kan wannan hanya suke. Abin da ya rage shi ne a gwada tamu ƙasar a kan namu ƙwarin, a tabbatar da ma'auninta da kuma lafiyar mai shaƙar garinta, kafin a ba manomi shawara.

Mutumin ƙauyen nan na 1703 ba shi da abin da ya fi ɗalibinmu na yau, in ban da cewa ya tsaya ya duba, ya kuma rubuta abin da ya gani. Hunturu mai zuwa, duk wanda yake da hanyar samun madubi a cikinku, ya shafo ƙurar tagarsa ya ɗiga mata ruwa ya duba. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani.